Kawu Isiyaku da Siririyar Taya

Tsss. Ƙullun masa ne na zuba a tanda da safiyar Asabar ɗin da ta wuce, mai ya yi zafi, sai ya ba da wannan 'yar ƙarar. Kafin in ankara na ajiye ludayi na miƙe, har ina ce wa 'yata Ummi ta ɗauko tabarma, Kaka ya iso. Sai da na kai bakin zaure na tuna wata biyar ke nan da rasuwar Kawu Isiyaku. Na dawo na tarar masar ta ƙone.

Ku 'yan uwa da kuka san shi kun riga kun gane. Ga wanda bai sani ba, Kawu Isiyaku yayan mahaifiyata ne. Shi ya riƙe ni a Birnin Kudu bayan rasuwar iyayena, ya sa ni makaranta har na gama sakandare, ya aurar da ni nan ƙasar Gwaram, wajen Kwandiko. Tsohon malamin gona ne, fiye da rabin rayuwarsa a kan babur ya yi ta. Tun da na tare, kowace Asabar sai ya zo duba ni. Kuma ba ya sallama sai ya jingine babur a inuwar dalbejiya, ya tsuguna, ya danna tayar gaba da babban yatsa, ya sa tsinken ashana a bawul ya rage mata iska. Wai ta sha rana ta kumbura. Wannan tsss ɗin ita ce sallamarsa ta farko, ta baki kuwa daga baya take zuwa.

Abu ɗaya ya sa a gaba a duniya bayan salla: kan babur ya yi sauƙin juyawa.

“Yatsa biyu, Dije,” haka yake ce mini. “Babur ɗin da ba za ka juya kansa da yatsa biyu ba, ba hawa kake ba, kokawa kake.”

Da can muna ɗaukar abin raha. Amma da shekarunsa suka haura saba'in sai maganar ta canza, domin babban ɗansa, Yaya Nasiru, ya faɗa a gaban kowa ranar wata Sallah cewa duk ranar da Baba ya faɗi, ko aka ga ido ko hannu ya soma gazawa, zai karɓe makulli. Kawu ya ce Allah Ya kai mu. Daga ranar makullin ya koma cikin hularsa. Kuma daga wajen lokacin ne zancen taya ya tashi daga ɗabi'a ya zama wani abu da ban san sunansa ba.

Ni dai har yau ban gane lissafin iskar nan ba. Wata rana ya ɗauke ni zuwa sunan wata 'yar uwarmu a Maruta, na ci ado da sabuwar atamfa. Kafin mu tashi ya ciro famfon hannu daga ƙarƙashin kujera ya buga wa tayar gaba iska har ta yi tauri kamar ɗanyen goruba.

“In ta cika, kaɗan ne ke taɓa ƙasa, sai kai ya yi sauƙi,” in ji shi.

Na ce to. Muna sauka daga kwalta muka shiga yashi, sai ya tsaya. Tsss.

“Kawu, ba yanzu ka ce cika ce ke kawo sauƙi ba?”

“Waccan maganar kwalta ce. Wannan ta yashi.”

“To me ya sa ba za a bar ta tsaka-tsaki ba?”

Ya juyo ya dube ni kamar na ce a haɗa Azahar da La'asar don a huta.

Can gaba muka sake hawa tsandauri, ya ce in sauka. Ya miƙo mini famfo, wai shi zai riƙe bawul. Ga ni da gwaggwaro a bakin hanya ina bugu, masu zuwa kasuwa suna gaishe mu suna tambaya ko faci ne. Sau huɗu muka yi haka. Muka isa gidan suna an soma wanke tukwane, ko ƙanzo ban samu ba. A hanyar dawowa ya ɗago murya cikin iska:

“Amma kin ji yadda kan ya yi laushi ko?”

“Kawu, ni a baya nake.”

“Ai shi ya sa ba ki faɗi ba.”

Sai kuma maganar tayar da Yaya Nasiru ya kawo. Shi bawan Allah, tsoron faɗuwar mahaifinsa ne ya sa ya je Kano ya samo wata ƙatuwar taya mai faɗi, mai manyan haƙora, aka ce masa ita ce ke kama ƙasa. Ya kawo ta har da ledarta. Kawu ya karɓa da hannu biyu, ya sa albarka, sannan ya aika a karɓo masa tef ɗin ɗinkin matarsa, Inna Rabi. Ya auna faɗinta, ya je ya auna tasa siririyar mai layi-layi, ya dawo ya sake auna sabuwar ko ta rame.

“Nasiru, ina sauran taraktar?”

“Baba, wannan ita ce mai aminci. Ba ta zamewa.”

“Ba ta zamewa, ba ta kuma juyawa. In na nufi Gwaram da ita, sai dai a tare ni a Bauchi.”

Yaya Nasiru ya nace, Kawu ya ce to, a bar ta zai yi amfani da ita. Bayan mako guda Yaya Nasiru ya shigo gida ya tarar an tsaga tayar gida biyu, an zuba dusa, awakin Inna Rabi sun zagaye ta.

“Baba, tayar da na kawo ke nan?”

“Ga ta nan tana aiki. Kuma gaskiyarka. Tun da aka sa ta ba akuyar da ta faɗi.”

Ita kuwa tasa siririyar, ba ya jira ta cinye. Da zarar tsakiyarta ta soma shafewa ta yi faɗi, sai ya ce ta zama faranti, ya tafi wurin mai faci. An ce sai ya sa an sauko masa da taya shida, ya gara kowacce a ƙasa yana binta da kallo, wadda ta karkata ya ce a mayar. Mai facin da kansa ya taɓa ce wa maigidana in ya hango Malam Isiyaku tafe, ji yake kamar ya rufe rumfa ya ce an yi masa rasuwa.

Bayan taya, sai ya koma kan duk abin da ke gaban babur. Ya cire kwandon gaba. Ya cire ɗan tuntun da aka rataya don ado. Duk Juma'a kafin masallaci sai ya kwance wuyan babur ya shafa giris. Ya sa aka canza masa ƙarfen kai da wani mai ɗan tsawo, wai dogon hannu ya fi juya abu. Wannan kam na gane, don muciya ma haka take.

Ana cikin haka ɗan dutsen niƙan Inna Rabi ya ɓata. Kwana uku tana nema. Ta duba bayan randa, ta duba rumbu, har ta soma gaida maƙwabciyarta da guntuwar gaisuwa. Rana ta huɗu tana shara sai ta ga wani ƙunshi a kan kariyar babur, inda ake ɗora kaya a baya, an naɗe da buhu an ɗaure da roba. Ta taɓa ta ji tauri.

“Malam, mene ne wannan?”

“Ma'auni ne. Nauyi a baya, sauƙi a gaba.”

“Dutsena ne ma'aunin? Da me zan niƙa tattasai?”

“In kina son dutsenki, ki zo ki zauna a wurinsa.” Ya ɗan dube ta sama da ƙasa. “Ke ma kin fi shi aiki.”

Kun dai san jikin Inna Rabi. Kwana biyu ba ta yi masa magana ba, tuwo ma ta hannun jika take aika masa. Dutsen kuwa bai sauka ba. Ya je Gwaram ya fi sau hamsin, ya fi wasu 'yan uwanmu zumunci.

Na taɓa ba shi kaza ya kai wa Inna. Na ɗaure mata ƙafa na nufi kan babur zan rataya, kamar yadda kowa ke yi. Ya daka mini tsawa kamar zan rataya ta a wuyan limami.

“Ba a rataya komai a nan. Ko leda.”

“Kawu, kazar nan ko mudu ɗaya ba ta kai ba.”

“In ta yi fiffike a kwana, ke za ki riƙe kan?”

Baya kuma dutse ya cinye wuri. Sai ya buɗe wuyan babbar rigarsa ya zura kazar ciki, ya ɗaure ƙugu da rawani, kanta kaɗai ke leƙowa ƙarƙashin gemunsa. Haka suka tafi su biyu suna kallon hanya. Shi ya ba mu labari da bakinsa cewa ya tsaya gaisuwar rasuwa a Sara, ya manta da ita. Malam na cikin addu'a, jama'a sun yi tsit, kaza ta yi kuka daga ƙirjinsa. Wani tsoho da ke gefensa, ido a rufe, ya ce amin.

Duk wannan muna dariya. Amma akwai abin da ya riƙa ɗaure mini kai. Kullum yana rage wa babur nauyi, kullum kuma ƙorafinsa ƙaruwa yake cewa kan ya yi nauyi. Wata Asabar maigidana ya ce bari ya ɗana ya ji. Bai kai ƙarshen layi ba ya kusa shiga dangar maƙwabta. Ya dawo yana haki, ya ce mini a ɓoye, “Babur ɗin nan ko atishawa ka yi sai ya juya. Wane nauyi kuma Kawu yake ji?”

Ban samu amsa ba sai a Asabar ta gaba. Azahar ta same shi a gidanmu, na shimfiɗa masa darduma a tsakar gida, ina gefe ina tsince shinkafa. Ya ɗaga hannu zai yi kabbara. Na dama ya kai kunne. Na hagu ya tsaya a ƙirji, sannan ya sauka. Sai abubuwa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya: yadda ya koma ɗaukar buta da hannu biyu, yadda yake gyara hula da hannu ɗaya, yadda ya miƙo mini famfo ranar Maruta wai shi zai riƙe bawul.

Da ya sallame na matsa kusa.

“Kawu, hannunka.”

“Wane hannu?”

“Na hagu.”

“Shinkafa kike tsincewa ko mutane?”

Ban yi dariya ba. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, a hankali, “Ya kusa shekara biyu. Daga kafaɗa yake. Ba ciwo, nauyi ne kawai, kamar an rataya mini guga. Babur ɗin ba shi da laifi, Dije. Ni ne na yi nauyi.”

“Ka je asibiti?”

“In na je asibiti Nasiru zai ji. In ya ji, makulli ya tafi. In makulli ya tafi, wa zai zo ya ga ko kin ci abinci?”

“Kawu, 'ya'yana huɗu fa.”

“Shi ya sa. Mai 'ya'ya huɗu ita ce ba ta ci.” Ya naɗe darduma. “Amana na ba ki.”

Ban taɓa shiga ruɗani irin na makonni ukun da suka biyo baya ba. In na faɗa, na ci amanar mutumin da ya goya ni, na kuma raba shi da abin da ke fitar da shi gida. In na yi shiru ya faɗi a gaban mota, da wane ido zan dubi Inna Rabi? Na yi istihara. Na ɗauki waya zan kira Yaya Nasiru ya fi sau goma, in ya ɗauka sai in tambaye shi lafiyar yara. Har ya ce, “Dije, yaran nan tun jiya da kika tambaya ba abin da ya same su.” Na sa gishiri sau biyu a miya. Na tura Ummi makaranta da takalmi wari da wari.

Asabar ta uku ya makara. Ya saba isowa da hantsi, ranar har rana ta take tsaka ba shi. Na kasa zama, na tsaya a bakin zaure da mayafi, duk ƙarar babur sai gabana ya faɗi. Da ya iso, ya jingine babur, ya tsuguna zai rage iska, sai na ga tsinken ashanar ya faɗi daga hannunsa. Ya ɗauka, ya sake faɗuwa. Ya ce hutawa ya tsaya yi a hanya, sau uku.

Na tsuguna kusa da shi a gaban tayar, ina kuka kamar yarinya.

“Kawu, na kasa riƙe amanar nan. Ko ka faɗa masa, ko ni in faɗa. Ka yafe mini.”

Ya miƙe. Ya shiga ya ci masa uku maimakon bakwai da ya saba, ya shafa kan Ummi, ya tafi. Ko “sai wata Asabar” bai ce ba.

Mako ya zagayo. Na soya masa, na shimfiɗa tabarma, amma a raina na riga na yanke cewa ya yi fushi, ba zai zo ba. Na kori mutumin da bai taɓa fashin Asabar ba. Ina zaune ina kallon masa tana hucewa, sai na ji. Tsss. Bayanta kuma muryoyi biyu.

“Ya isa, Baba.”

“Bai isa ba. Danna ka ji. Da babban yatsa, ba da ɗan ali ba. Wa ya koya maka?”

Na fito da gudu. Yaya Nasiru ne tsugune a gaban taya, shaddarsa ta jiƙe da gumi, tsinken ashana a hannunsa. Kawu na tsaye a kansa, hula a karkace. Kariya ba komai.

“Ina dutsen?” Abin da ya fara fitowa daga bakina ke nan.

“Na mayar wa Rabi kayanta,” in ji Kawu. “Na hau wurinsa.”

Ashe washegarin ranar da ya koma, bayan sallar Asuba, ya kira Yaya Nasiru, ya cire hula, ya zazzage makulli a tafin hannunsa, ya ce ya ɗaga masa hannun hagu ya ji. Amma da sharaɗi. Babur dai wannan babur ɗin. Taya dai siririyar nan. Kowace Asabar Nasiru zai kai shi Kwandiko. Kuma duk inda kwalta ta ƙare za a tsaya a rage, duk inda ta soma za a tsaya a buga.

“Sau nawa kuka tsaya?” na tambayi Yaya Nasiru.

Ya ɗaga mini yatsu biyar yana haki.

“Shida ne,” in ji Kawu. “Ɗaya bai yi daidai ba, muka sake.”

An kai shi asibiti, aka ce jijiya ce, aka ba shi magani da motsa hannu. Ya ɗan samu sauƙi, amma bai sake tuƙi ba, bai kuma taɓa nema ba. Kusan shekara guda suna zuwa su biyu. Daga baya yake tuƙin da baki: sassauta, kada ka riƙe kan kamar kana bin sa bashi, yatsa biyu, Nasiru. Uba da ɗa da a da ba sa haɗa minti goma ba su yi musu ba, sai ga su suna musu na awa biyu kowane mako, suna isowa suna dariya. Ni kuwa bai taɓa tayar mini da maganar amanar ba. Sau ɗaya kawai, yana cin masa, ya ce ba tare da ya dube ni ba, “Idonki irin na uwarki ne. Ita ma ba a ɓoye mata komai.” Ya miƙo kwano a ƙara masa.

A kan gadonsa ya rasu, bayan gajeriyar jinya, da kalmar shahada a bakinsa. Shekara hamsin a kan babur, bai taɓa faɗuwa ba. Bayan sadakar bakwai Yaya Nasiru ya zo da famfon nan a naɗe cikin ɗankwali. Ya ce Baba ya ce a ba Dije, ita ta fi kowa iya bugu. Yana rataye a ɗakina, kusa da carbi. Ya kuma gaya mini, yana sunkuyar da kai, cewa da zai taho shi kaɗai, da ya zo inda kwalta ta ƙare, bai san lokacin da ya tsaya ba.

Har yau in aka tambaye ni ko ƙara iska ake ko ragewa, ban sani ba. Ban kuma sani ba ko na yi daidai da na yi shiru mako uku, ko na yi daidai da na fasa shirun. Allah Shi ne Masani.

Ranar da masar nan ta ƙone, na sauke tanda na zauna a bakin murhu na ɗaga hannu. Na ce Allah Ka jiƙan Kawu Isiyaku. Yadda ya ɗauke mini nauyin maraici, Ka ɗauke masa nauyin kabari. Ka yafe masa, Ka yafe mini, Ka sauƙaƙa masa hanya har gidan Aljanna.

Ummi tana tsaye da tabarmar da na sa ta ɗauko, ba ta san ko ta shimfiɗa ko ta mayar ba. Shekararta shida. Ta shafa tare da ni, ta leƙa ɗaki ta dubi ƙusar da famfon ke rataye, sannan ta ja mini zane.

“Umma, ki ƙara a addu'ar. Ki ce Allah Ya sa hanyar duk iri ɗaya ce, don Kaka ya bar famfonsa a nan.”